Jirgin Ƙasa Ba Ya Rayuwa Sai Da Kaya

 

Kwanan baya a ajinmu na Sanam muna koyon rubuta sunayen abubuwan hawa. Muka rubuta jaki. Muka rubuta raƙumi, da amalanke, da mota. Da muka zo kan jirgin ƙasa, sai wani dattijo ya aje allonsa ya ce: "Malam, ni na ga ƙarfen jirgi da idona a gefen hanyar Yamai zuwa Doso. Amma ban ga jirgi a kansa ba, awaki na gani. Shin jirgin mutuwa ya yi, ko kuwa ba a haife shi ba tukuna?"

Duk aji aka yi dariya. Ni ma na yi. Amma da na koma gida na ga tambayar tana da nauyi. Shi ya sa na kawo ta nan yau, mu duba ta tare.

Wataƙila wani ya ce: ina ruwanmu da jirgi, mu da ke Kurfai, jirgi bai taɓa ratsa Filinge ba? Ruwanmu ne. Gishirin da ka saya a kasuwar Sanam, da sukari, da siminti, da takin zamani, da yawansu daga bakin teku suka taso. Ƙasarmu ba ta da teku. Duk abin da aka biya a hanya, kai mai saye kai ne za ka biya shi a ƙarshe. Haka kuma saniyar da ka sayar da buhun wakenka, sai an cire kuɗin hanya kafin a yi maka farashi. To, ka ga maganar hanya maganar aljihunka ce.

YADDA JIRGI YA ZO ƘASAR HAUSA

A ƙasar Ingila aka fara jirgin ƙasa mai ɗaukar jama'a da kaya, a shekara ta 1825. Bayan shekaru 86, wato a 1911, ƙarfe ya iso Kano. Daga Ikko, wadda a ke ce wa Legas, zuwa Kano, ya fi kilomita 1,100. Talakawa ne suka haƙa ƙasa, suka ɗauki duwatsu a ka, da yawansu a aikin tilas.

Turawan Ingila ba don ziyarar dangi suka shimfiɗa wannan hanya ba. Auduga su ke nema don masaƙunsu. Amma manoman Kano suka yi nasu lissafi. Suka ga gujiya, wadda mutanen Najeriya ke ce wa gyaɗa, ta fi auduga kuɗi, kuma in ciniki ya ƙi ana iya cin ta. Sai suka dasa wa gujiya. Cikin ƴan shekaru buhuna suka cika tashar Kano. Daga baya har jirgi ya kasa kwashe su a kan lokaci, aka riƙa jera su sama sama kamar dutse. Su ne dalar gyaɗa da ku ke jin labari.

Da aka ga riba, sai aka fitar wa babbar hanya da rassa, kamar yadda itace ke yi. Reshe ɗaya ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Tsawonsa ya fi kilomita 200. Wani reshe ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930. Waɗannan rassa cikin ƙauyuka suka ratsa, don kwaso auduga da gujiya da fatu da dabbobi.

Mutanen ƙasarmu ma sun ci moriyarsu. Gujiyar Maraɗi da ta Damagaram a kan raƙuma da jakuna ta riƙa tafiya, daga baya a motoci, zuwa Kano ko Ƙauran Namoda ko Nguru. A can a ke loda ta a tarago sai bakin teku. Wato tun jirgi bai taka ƙasar Nijar ba, gumin manomin Nijar na cikin abin da ya ke ci.

LISSAFIN MAI AMALANKE

Yanzu ku ɗauko alli, za mu yi lissafi. Wannan misali ne kawai, don mu gane.

A ce kana da amalanke da jaki. Kullum jakin nan yana cin abincin dala 100. Ko ya yi aiki, ko ya wuni a turke, sai ya ci. Kana ɗaukar buhu ɗaya a kan dala 20.

Ran kasuwa ka samu buhu 10. Dala 20 sau 10, dala 200 ke nan, jika guda. Ka cire dala 100 na abinci. Saura dala 100, ita ce ribarka.

Washegari buhu 3 ka samu. Dala 20 sau 3, dala 60. Jaki ya ci dala 100. Ka yi hasarar dala 40.

Sai ka ce bari in ƙara kuɗi, buhu ya koma dala 40. Masu kaya suka ji tsada, suka koma wurin mai mota. Ka ce to bari in rage wa jaki abinci. Jaki ya rame, tafiyarsa ta yi nauyi, kaya ba sa isa kasuwa sai rana ta yi. Wanda ya rage yana ba ka kaya, shi ma ya gudu.

To, jirgin ƙasa wannan jaki ne, sai dai cikinsa ya fi girma. Ko tarago ya cika, ko ba kome a ciki, sai an biya direba da mai tasha da mai sayar da tikiti. Sai an biya leburorin da ke bin hanya suna ɗaure ƙarfe. Sai an share yashi da rani, an gyara gada da damina. Wannan kuɗi ba ya raguwa don kaya sun ragu.

Ga kuma inda mota ta fi shi sauƙi. Mai babbar mota ba shi ne ya zuba kwalta ba, gwamnati ce ta zuba. Shi kuwa jirgi, hanyarsa a wuyansa ta ke. Mota tana zuwa har bakin rumbu ta ɗauka, ta sauke a ƙofar kanti. Jirgi sai an kai masa kaya tasha, a can ma sai an zo an kwashe.

Reshen ƙauye ya fi kowa shan wannan wahala, saboda dalili biyu. Na farko, kayansa na lokaci ne. Da kaka tarago ba ya isa, da bazara kuwa ba abin ɗauka. Na biyu, kayan gefe ɗaya su ke tafiya. Jirgi ya gangara kudu a cike, ya hauro arewa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ku riƙe waɗannan biyu, za mu sake gamuwa da su.

RASSAN DA SUKA BUSHE

Reshe na farko da za mu duba shi ne ƙaramin jirgin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos. An gama shi a 1914 don kwaso kuza daga tsaunukan Jos. Ƙarfensa siriri ne, tafiyarsa a hankali. A 1927 sai babbar hanya ta iso Jos ta wajen Kafanchan. Kuza ta koma can. Ƙaramin jirgi ya yi ta jan ƙafa shekara 30, aka rufe shi a 1957. Abin da ya kawo shi ya bar shi, shi ke nan.

Sauran hanyoyin Najeriya kuwa sun yi ƙarfi har bayan samun ƴancin kai. A 1955 aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya. A 1964 aka kai ƙarfe har Maiduguri. A wannan shekara jiragen ƙasar sun ɗauki mutum sama da miliyan 11, da kaya kusan tan miliyan 3. Ku rubuta waɗannan lambobi. Bayan shekara 10 kacal, a 1974, mutanen sun koma wajen miliyan 4, kayan kuma tan miliyan 1 da ƴan kai.

Me ya faru cikin shekara goman nan? Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse hanyar gabas. Kuɗin man fetur ya shigo, aka zuba kwalta ko'ina, manyan motoci suka yi yawa. Sannan ga farin 1973, wanda dattawan Kurfai ba su manta da shi ba. A 1975 kuma cuta ta faɗa wa gujiya, a Najeriya da nan ƙasarmu baki ɗaya. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Masu noma suka koma hatsi da wake, suna neman abin da za su ci.

Sai abin mai amalanke ya faru. Kuɗi ya ragu, aka rage gyara. Da aka rage gyara, jirgi ya rage gudu, yana lalacewa a daji. Fasinja ya gaji da jira ya hau mota. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 su riƙe hukumar, abu ya ɗan farfaɗo, suka tafi a 1982. Kafin ƙarshen shekarun 1980 hukumar ta shiga halin da ko albashi ya gagare ta. Rassa irin na Ƙauran Namoda da Nguru su suka fara jin jiki, don su ne masu ƙaramin ciniki. Ita kanta babbar hanyar Ikko zuwa Kano ta yi shekaru a tsaye, sai a Disamba 2012 aka sake buɗe ta bayan gyara.

Kada ku ce wannan ciwon baƙar fata ne. A Ingila, inda aka haifi jirgi, wani mutum mai suna Beeching ya yi wa gwamnati lissafi a 1963. Ya ce a rufe hanya wajen kilomita 8,000 da tasha sama da 2,300, galibinsu na ƙauye. Aka rufe mafi yawansu. Ƙasar Saliyo kuwa gaba ɗaya ta rufe jirgin gwamnatinta a 1974.

JIRGINMU DA KE ƘASAR MAƘWABTA

Yanzu mu dawo gida. Da yawanku ba ku sani ba, Nijar ta daɗe tana da hannu a jirgin ƙasa, amma a ƙasar Benin ya ke, wadda da a ke kira Dahome.

Faransawa sun taso da ƙarfe daga Kwatano da nufin kai shi bakin kogin Kwara. A 1936 ya iso Faraku, kilomita 438 daga teku. Nan ya tsaya, bai ƙara gaba ba. Daga Faraku sai mota, ta bi ta Malanbil da Gaya da Doso.

Wannan hanya ma ciwon gefe ɗaya ya kama ta. Motoci na hawowa da kayan kanti, su koma ba kome, don gujiyarmu ta Najeriya ta ke bi. A farkon shekarun 1950 sai aka yi wata dabara da aka sa wa sunan tsattsewa, tsuntsuwar nan mai zuwa da komowa. Motar da ta kawo kaya arewa, sai a ba ta gujiya ta koma da ita Faraku. Aka daidaita kuɗin ɗauka yadda hanyar Dahome za ta iya gasa da ta Kano. Kun ga, tun a lokacin an gane jirgi ba ya rayuwa da tafiya ɗaya.

A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukuma ɗaya ta haɗin gwiwa don riƙon jirgin, wadda daga baya a ke kira OCBN. Ta nan man fetur da siminti da kayan masarufi suka riƙa shigowa. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, shi ma ta Faraku ya riƙa fita. A shekarun fari, wani kashi na hatsin taimako ta wannan ƙarfe ya biyo kafin ya iso rumbunan gwamnati.

Amma sauke kaya daga tarago a mayar mota aiki ne, kuma ɓata lokaci ne. Da kwalta ta haɗa Kwatano da Faraku, ƴan kasuwa suka ga gara a loda mota tun daga bakin teku har Yamai. Kuɗin hukuma ya ragu. Wa aka fara yankewa? Ƙananan rassa. Reshen da ke zuwa Fobe ta Forto Nobo, da ɗan reshen yamma da ya bi ta Wida, wajen 1990 aka daina bin su. A tsakiyar shekarun 2000 kuma jirgin fasinja na Faraku ya tsaya.

ƘARFEN DOSO

To, ga amsar tambayar dattijonmu.

A watan Afrilu 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, a zamanin shugaba Mahamadu Isufu. Kamfanin Bolloré na Faransa ne ya ɗauki aikin. Aka shimfiɗa ƙarfe kilomita 143 zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a Janairu 2016. Niyya ita ce ƙarfen ya ci gaba ta Gaya, ya ƙetare kogi, ya gamu da na Faraku.

Amma rigima ta taso a Benin a kan wane ne ke da izinin aikin. Wani attajirin ƙasar mai suna Samuel Dossou ya kai ƙara, ya ce shi aka fara ba. Kotun Benin ta ba shi gaskiya a 2015, kotun ƙoli ta tabbatar a 2017. Aiki ya tsaya. Tsakanin Doso da Faraku aka bar gibi na sama da kilomita 400.

Ku yi tunani. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗauko kaya a mota tun daga Kwatano, ya yi tafiyar kwana da kwanaki, sannan ya sauke a Doso ya loda a jirgi don ɗan abin da ya rage? Babu shi. Guga ce aka saya, igiya ba ta kai ruwa ba. Shi ya sa shekaru suka yi ta wucewa ƙarfen bai ɗauki kayan kasuwa ba. Baba, amsarka ke nan: an yi suna, an ci goro, amma jariri bai samu nono ba.

ABIN DA LISSAFI BAI ƘIDAYA BA

Kada wani ya tashi daga nan ya ce malam ya ce jirgi banza ne. Ban ce ba. A doguwar tafiya da kaya masu nauyi, ba abin da ya kai jirgi araha. Jirgi ɗaya na jan abin da manyan motoci da yawa za su ɗauka. Yana kuma hutar da kwalta, wadda nauyin motoci ke farfasawa.

Kuma in an rufe tasha, ba hukuma kaɗai ke hasara ba. Mai tuwon tasha ta rasa ciniki. Ɗan dako ya rasa aiki. Tsohuwar da ke hawa da kuɗi kaɗan zuwa asibitin birni, sai ta biya kuɗin mota ko ta haƙura. Samari su tafi ci-rani, wasu ba su dawo ba. Littafin hukuma ba ya rubuta wannan.

Rijiyar gari ba ta kawo riba, makaranta ma haka, amma gwamnati na kashe musu kuɗi don amfanin jama'a. Ƙasashe da yawa haka su ke riƙe jiragen ƙauyukansu, da kuɗin baitulmali. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai a faɗa tun farko, a san nawa ne a shekara, a san wa zai biya. Abin da ya kashe hanyoyin da muka ambata shi ne, an samu kuɗin gini, ba a tanadi kuɗin gyara ba.

HANYAR MARAƊI DA TAMBAYOYI UKU

A watan Fabrairu 2021 Najeriya ta aza harsashin wata sabuwar hanya daga Kano zuwa Maraɗi. Tsawonta kilomita 284 ne, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar, a kan kuɗi kusan biliyan 2 na dalar Amurka. Ku lura, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Wannan hanya ta fi ta Doso da abu ɗaya: ƙarshenta yana Kano, babbar kasuwa, inda ƙarfe ya riga ya haɗu da teku. Amma gama shimfiɗa ƙarfe ba shi ne ƙarshen magana ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lokacin da kuka ji ana maganar sabuwar hanyar jirgi, a rediyo ko a bakin mai neman ƙuri'a, ku yi tambaya uku.

Ta ɗaya: me zai ɗauka in zai tafi, kuma wata nawa a shekara?

Ta biyu: me zai ɗauko in zai komo?

Ta uku: in ƙarfe ya kwance ko gada ta karye, wa zai biya gyara?

Tambaya ta ɗaya da mu ta ke. Gujiya ɗaya aka dogara da ita, da ta faɗi sai ta faɗi da jirgi. Ƙasarmu kuwa tana da wake, tana da albasar Galmi, tana da fatu da ƙiraga, tana da shanu irin na Azawak da a ke kiwo a Tukunus kusa da mu. Amma tarago ba ya tsayawa don buhu biyu. Sai manoma da makiyaya sun haɗa kai cikin ƙungiya, sun tara kaya wuri ɗaya, sun auna, sun rubuta. Wa zai rubuta? Wa zai duba sikeli? Wa zai karanta takardar kuɗin ɗauka kafin a sa hannu? Ku ne, masu allo a hannu yau.

AIKIN WANNAN MAKO

Ga aikin da za ku yi kafin mu sake haɗuwa.

1. Ku rubuta waɗannan shekaru, kowace da abin da ya faru a cikinta: 1911, 1929, 1936, 1957, 2016.

2. Mai amalanke ya samu buhu 7 a kan dala 20. Jaki ya ci dala 100. Riba ya yi ko hasara? Nawa?

3. Ran kasuwa ku tsaya bakin tasha. Ku ƙirga motocin da suka shigo da kaya, da waɗanda suka fita da kaya. Ku rubuta abin da suka ɗauka. Nawa ne suka koma ba kome?

Ku tattauna amsoshin a ƙungiyarku ta masu sauraren rediyo, ku ba malaminku ya aiko mana. Za mu karanta wasu daga ciki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.